Kwalta ba ta san batir ba, nauyin aksil ta sani

Akwai wata magana da ake ta maimaitawa tsakanin masu harkar manyan motoci a Turai da Amurka tun da aka fara fito da tireloli masu aiki da batir da masu iskar gas. Wai doka ta ƙara musu tan biyu, don haka mai mota ya ƙara lodin tan biyu ya kama hanya. Har dillalan motocin ma da wannan suke tallata su. Maganar tana damuna, domin rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka ɓoye shi ne yake jawo tara a wurin awo, yake fasa taya, yake cinye titi.

Ra'ayina tun farko shi ne, ya dace a yi wa motar da ba ta fitar da hayaƙi rangwame a jimillar nauyi, ko da ya kai tan huɗu. Amma iyakar abin da aksil ɗaya zai ɗauka, kada a taɓa ta. Wanda yake son ƙarin nauyi ya ƙara aksil. Kuma kada a mayar da takardar izini ta musamman wata ƙofar baya da za a riƙa wucewa da kayan yau da kullum.

Abin da dokokin suka ce

Aksil dai shi ne sandar ƙarfen da ta haɗa tayoyin hagu da na dama. Kowace babbar mota tana da iyaka iri biyu: ta jimillarta, da ta kowane aksil. Karya ɗaya daga cikinsu laifi ne, ko da an kiyaye ɗayar.

A Tarayyar Turai, dokar 1996 ce ginshiƙi. Tirela mai aksil biyar da ke ƙetare iyakokin ƙasashe ba ta wuce tan 40. Aksil ɗin da ba ya jan mota tan 10 ne, mai ja tan 11.5, jerin aksil uku na bayan tirela kuma tan 24 idan tazarar da ke tsakaninsu ta wuce mita 1.3. A 2015 aka ƙara har tan ɗaya ga motocin da ke amfani da wani makamashi ba dizal ba, irin su iskar gas. A 2019 aka ƙara har tan biyu ga waɗanda ba sa fitar da hayaƙi ko kaɗan. Duk wannan a jimilla aka yi shi. Tan 11.5 na aksil mai ja yana nan yadda yake.

Birtaniya ta bi sahu a 2023: tan biyu ga marasa hayaƙi, har tan ɗaya ga masu wani makamashi, ba tare da an taɓa iyakar aksil ba, kuma ba a ɗaga rufin tan 44 ba.

Amurka ta ɗan bambanta. A manyan titunan tarayya, jimilla laba 80,000 ce, wato kusan tan 36.3. Aksil ɗaya laba 20,000, tagwayen aksil laba 34,000. A 2015 aka yi wa masu iskar gas rangwame, a 2019 aka shigar da masu batir, aka ce kan motar zai iya wuce iyakarsa da laba 2,000, jimilla kuma ba ta wuce 82,000 ba. A lura da kalmar kan motar. Tagwayen da ke ƙarƙashin tirelar ba su samu ko laba ɗaya ba, suna nan a 34,000. Sannan laba 2,000 ɗin kilo 907 ne kacal, bai ma cika tan ɗaya ba.

Inda gizo ke saƙar

Nauyin batir ba wasa ba ne. Lita 400 ta dizal ba ta wuce kilo 340 ba, kuma tana raguwa yayin da ake tafiya. Batir kuwa, cike ko fanko, nauyinsa ɗaya. Samfurin farko na Volvo FH mai lantarki yana ɗaukar har ƙunshin batir shida, kowanne kusan rabin tan, jimillar ƙarfinsu kilowat-awa 540. Mercedes eActros 600 yana da ƙunshi uku masu kilowat-awa 621 gaba ɗaya, kuma kamfanin da kansa ya ce lodin da zai ɗauka da tirela ta yau da kullum a Turai kusan tan 22 ne. An cire injin dizal da tankinsa da kayan tace hayaƙi, gaskiya ne, amma abin da aka cire bai kai abin da aka ɗora ba.

Kuma duk wannan nauyin a kan mota yake zaune, tsakanin aksil na gaba da mai ja. Babu ko kilo ɗaya da ya tafi bayan tirela, inda ake da sarari.

Bari mu yi lissafi da misali. Alƙaluman na kwatance ne, amma kowa zai iya sa na motarsa. A ɗauka kan mota mai dizal, mai aksil biyu, yana da tan 8 ba kaya, 2.5 daga ciki a kan aksil mai ja. An ɗaura masa tirela wadda take danna farantin ɗauri, wato faifan ƙarfen da gaban tirela ke zama a kansa, da tan 10. Da yake farantin yana ɗan gaban aksil mai ja, kusan tan 8.5 ne zai sauka a kansa, sauran ya tafi gaba. An samu tan 11. Lafiya lau.

Yanzu a kawo kan mota mai batir mai tan 11, wanda tan 4 ke kan aksil mai ja tun ba a ɗaura komai ba. Tirela da kayanta tan 31, jimilla 42 daidai, doka ta yarda. Amma 4 da 8.5 sun ba da 12.5. Aksil mai ja ya wuce iyaka da tan guda cur, alhali jerin ukun da ke baya suna ɗauke da 21, suna da sauran wurin tan uku.

Direban da ya hau sikeli ya duba jimilla kaɗai zai ga 42 ya yi murna. Jami'in da ya auna aksil ɗai-ɗai zai rubuta masa tara.

Akwai kuma wani sharaɗi da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Dokar Turai ta ce a tafiyar ƙasa da ƙasa, aksil mai ja dole ya ɗauki aƙalla kashi 25 cikin 100 na jimillar nauyi, don taya ta kama ƙasa. A tan 42, wannan tan 10.5 ne. Ke nan mai lodi yana da tazarar tan ɗaya tak, tsakanin 10.5 da 11.5, da zai saita kayansa. A tan 44 tazarar ta koma rabin tan. Wanda ya taɓa tsayawa a kan lodi ya san cewa rabin tan abu ne da matsar da kaya taku biyu yake canzawa.

"To a ɗaga iyakar aksil ɗin mana"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba daga bakin ƙananan mutane ta fito ba. A watan Yulin 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da shawarar a ba marasa hayaƙi tan huɗu, a kuma ɗaga aksil mai ja zuwa tan 12.5. Masu ƙera motoci sun daɗe suna neman haka, kuma lissafin da muka yi a sama ya nuna dalilinsu. Na fahimce su. Ban yarda da su ba.

Tsakanin 1958 da 1960, a garin Otawa na jihar Ilinoi a Amurka, injiniyoyi sun gina tituna na gwaji, suka yi ta zagaye da motoci masu nauyi daban-daban a kansu har suka lalace. Abin da ya fito daga wannan gwajin shi ne har yau ake aiki da shi wajen zana tituna: ɓarnar da aksil ke yi wa titi ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinsa. Tana ninkuwa ne kamar an ninka nauyin da kansa sau huɗu. Idan nauyi ya ninka biyu, ɓarna ta ninka kusan goma sha shida.

A sa wannan a kan shawarar. Daga 11.5 zuwa 12.5 ƙarin ƙasa da kashi 9 cikin 100 ne a nauyi. A ɓarna kuwa kusan kashi 40 ne, a duk wucewa ɗaya. Ƙa'idar ƙiyasi ce, tana ɗan sauyawa gwargwadon kaurin kwalta da irin ƙasar da ke ƙarƙashi, amma alkiblarta ba ta sauyawa. Titi mai siririyar kwalta, irin na ƙauyuka da unguwannin masana'antu, shi ne ma ya fi jin jiki.

Yanzu a duba ɗaya hanyar. A ƙara aksil na uku a kan motar, a samu tagwaye a baya. Dokar Turai ta ba irin waɗannan tagwayen har tan 19 idan suna da jakar iska a madadin sifirin da tazarar da ta dace, wato 9.5 kowanne. Da lissafin nan, su biyun a haɗe ɓarnarsu ba ta kai ta aksil ɗaya mai tan 11.5 ba. An ɗauki ƙarin tan bakwai da rabi, titi kuma ya huta. Birtaniya ta san wannan tun tuni, shi ya sa tan 44 nata sai da aksil shida, kuma mai ja ba ya wuce 10.5.

Za a ce aksil na uku yana da nasa nauyin, yana cin wurin da za a rataya batir a jikin shasi, ga kuɗin tayoyi, ga iyakar tsawon mota ta mita 16.5. Duk gaskiya ne. Wannan matsalar injiniya ce, kuma kamfanonin da ke ƙera motar ne ya kamata su warware ta, su sa kuɗinta a farashi. Idan tsawo ne ya hana, a ƙara wa motar tsawo kaɗan, wannan ba ya fasa titi. Ɗaga iyakar aksil kuwa kwashe kuɗin ne daga aljihun mai mota a zuba shi a kan kowa da kowa, har da wanda bai taɓa hayar tirela ba.

"Amma ai muhalli muke ceto"

Ba na wasa da wannan. A Tarayyar Turai manyan motoci da bas-bas suna fitar da fiye da rubu'in hayaƙin ɗumamar yanayi na zirga-zirgar titi, kuma dokar 2024 ta wajabta wa masu ƙera su rage hayaƙin sababbin motoci da kashi 45 zuwa 2030, kashi 90 zuwa 2040. Ba za a kai can ba idan mai motar batir yana asarar lodi a kowace tafiya. Shi ya sa na goyi bayan rangwamen jimilla.

Sai dai sake shimfiɗa titi ma yana da nasa hayaƙin. Kwalta daga ɗanyen mai take, siminti kuwa yana cikin masana'antun da suka fi kowa fitar da hayaƙi. Titin da aka gina don shekara ashirin idan ya mutu da wuri, an gudu ne ba a tsira ba.

Sannan ba kowane kaya ne yake kai mota iyakar nauyi ba. Katifu, kayan sawa, fakitin saƙonni, robobi, duk suna cika tirela tun nauyi bai kai ko'ina ba. Masu irin wannan lodin ba ruwansu da wannan muhawarar. Masu siminti da ƙarfe da lemun kwalba da hatsi ne abin ya shafa, kuma su ne daidai waɗanda ya fi dacewa su hau aksil shida.

Takardar izini ba magani ba ce

Wasu kuma suna cewa a bar doka yadda take, mai motar batir ya riƙa yankar izinin wuce nauyi. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Asalin izinin wuce nauyi an yi shi ne don kayan da ba ya rabuwa: taransifoma, katafila, ƙarfen gada. Ƙa'idar tarayyar Amurka ma ta fayyace shi, ta ce kaya ne da raba shi zai lalata amfaninsa ko darajarsa, ko kuma kwance shi zai ci fiye da awa takwas na aiki. Irin wannan izinin yana zuwa da hanyar da aka zaɓa, an duba gadojinta, wani lokaci da sa'o'in tafiya da 'yan rakiya. Buhu ɗari biyar na siminti kaya ne mai rabuwa, ko da wace irin mota ce ta ɗauko shi. Sauke buhu ashirin ya warware matsalar.

Idan aka fara raba izinin shekara-shekara ga dubban motoci don kawai suna da batir, an canza doka ke nan ba tare da an zauna an yi lissafin tituna da gadoji ba. Ofishin da ya kamata ya natsu ya duba hanyar taransifoma guda zai koma buga hatimi.

Gada kuma lissafinta daban ne da na kwalta. Ƙara aksil yana ceton kwalta, amma doguwar gada jimillar nauyin da ke kanta take ji, da yadda aka baza shi. Shi ya sa tun 1975 Amurka take da ƙa'idar gada, wadda take haɗa yawan aksil da tazararsu. Mota mai aksil biyar ba ta samun laba 80,000 sai tsakanin aksil na farko da na ƙarshe ya kai ƙafa 51. Duk gadar da aka kafa wa allo mai iyakar nauyi, allon ne doka, babu rangwamen batir da ya shafe shi.

Rangwamen ba ya bin mota ko'ina

Nan ma ana yawan faɗawa rami. Dokar tarayyar Amurka manyan titunan tarayya ta shafa. Da zarar mota ta sauka ta hau titin jiha ko na ƙaramar hukuma, dokar wurin ce ke aiki. Kalifoniya ta yi tata dokar a 2018 ta ba da laba 2,000 ɗin, amma kowace jiha sai an duba littafinta. Kuma nassin tarayya na 2019 iskar gas da batir ya ambata, bai ambaci haidirojin ba.

A Turai ma kowace ƙasa da iyakarta ta cikin gida. Holan tana barin tan 50, Faransa 44, Jamus 40 in ba jigilar da ta haɗa da jirgin ƙasa ko na ruwa ba. Lodin da ya halatta a wurin ɗauka zai iya haramta bayan awa biyu.

Wani abu da dokar Turai ta yi daidai shi ne, rangwamen ba kyauta ba ce da aka yanke wa kowa. An ce har tan ɗaya, har tan biyu, gwargwadon ainihin ƙarin nauyin da fasahar ta jawo, kamar yadda mai ƙera motar ya rubuta a lokacin tantance ta, kuma dole adadin ya bayyana a takardar shaidar motar. Idan tankunan gas sun ƙara kilo 600, kilo 600 za a samu. Amurka ma tana da irin wannan tsarin a kan ƙaramin injin da ke ba direba wuta da sanyi yayin da babban injin yake kashe: rangwamen laba 550, amma sai da rubutacciyar shaidar nauyinsa da nuna cewa yana aiki. Wannan tsarin ne nake so a bi ko'ina, domin idan batir ya yi sauƙi nan gaba, rangwamen zai ragu da kansa, ba zai rikiɗe ya zama ƙarin lodi ba. Kuma kada a ɗauka sauƙin nan tabbas ne. Wasu kamfanonin suna komawa batir mai sinadarin ƙarfe da fosfet saboda ya fi daɗewa, shi kuwa ya fi nauyi.

Abin da ke hannun mai mota

Kafin sabuwar mota ta ɗauki lodin farko, a kai ta sikeli ba kaya, da direba a ciki da kayan aikinsa, a auna kowane aksil daban, sannan a sake aunawa da tirelar a ɗaure. A yi awon a shimfiɗaɗɗen wuri, a saki birki, a bar jakunkunan iska su daidaita. Awo da birki a danne yana ba da ƙarya, domin nauyi yana maƙalewa a aksil ɗin da bai kamata ba.

Sai a duba allon bayanan kamfani da ke jikin motar da kuma lambar da ke gefen taya, domin iyakar gaskiya ita ce mafi ƙanƙanta cikin uku: ta doka, ta aksil, ta taya. Taya mai lambar nauyi 154 kilo 3,750 take ɗauka, biyu a gaba sun ba da tan 7.5. Mai 156 ta ba da tan 8, mai 160 tan 9. Doka na iya cewa tan 10 a gaba, amma idan an sa wa motar batir tayar da aka saba sa wa ta dizal don araha, taya ce za ta fara magana, kuma fashewar tayar gaba a guje ba ta barin direba ya riƙe sitiyari. Adadin nan ma sai iska ta cika yadda aka rubuta. Tayar da iskarta ta ragu ba ta ɗaukar abin da ke jikinta.

Wajen saita lodi, hanyoyi uku ne. Idan farantin ɗauri mai zamewa ne, matsar da shi gaba yana kwashe nauyi daga aksil mai ja ya kai gaba, sai dai a motar batir gaban ma kusan a cike yake, don haka wurin motsi kaɗan ne. A tirelolin Amurka ana zame tagwayen baya, matsar da su gaba yana sauke wa kan mota, kuma direbobi suna ƙiyasta kusan laba 250 a kowane ramin da ake kulle tagwayen a ciki idan ramukan na kusa da juna ne. Ta uku ita ce matsar da kayan kansu baya. Tirela mai mita 13.6 tana cin katakon lodi 33 irin na Turai, idan an cika ta babu inda za a matsa, sai dai a sa masu sauƙi a gaba, masu nauyi a kan jerin aksil ɗin baya. Wannan sai an gaya wa masu lodi tun kafin su fara, domin sun saba jera masu nauyi daga gaba.

Abin da ya fi kama direbobi shi ne saukewa a wurare da yawa. Kayan da ke can ƙarshen tirela, bayan aksil ɗinta, suna ɗaga gaban ne kamar ma'aunin kasuwa. Da an sauke su, nauyin da ke kan farantin ɗauri sai ya ƙaru, ko da yake jimilla ta ragu. Motar da ta bar ma'ajiya da 11.3 a aksil mai ja tana iya wuce 11.5 bayan sauke na farko. A motar dizal akwai ɗan sararin da ke shanye wannan. A ta batir babu, dole a ja ragowar kayan baya bayan kowane sauke, ko a tsara lodin tun farko da wannan a zuciya. Motoci masu jakar iska da yawa suna nuna nauyin aksil a allon direba, a riƙa dubawa, amma a gwada shi da sikeli na gaske lokaci-lokaci, domin yana kaucewa.

A cikin motar kuma a ajiye takardar da ta nuna irin makamashinta da ƙarin nauyin da aka amince mata, tare da rasidin awon ranar. Na'urorin awo da aka binne a cikin titi, masu auna mota tana gudu, nauyi da yawan aksil suke gani, don haka mota mai tan 42 tana iya jawo a tsayar da ita, kuma a lokacin takardar ce kaɗai za ta raba gardama. Kwafin da aka bari a ofis ba ya amfanar direban da ke tsaye a gefen hanya.